Gaishe Ki, Fankar Kwamfuta

Gaishe ki fankar kwamfuta, wadda ba ta aiki a ɓoye. Kowa a cikin akwatin nan yana nasa aikin baki alaikum: furosesa tana lissafi sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, ba wanda ya taɓa jin ko tarinta. Ke kuwa da aikinki bai wuce kaɗa iska ba, kin ga ya dace a san da zamanki tun daga bakin ƙofa. Madalla da ke. Wanda ya shigo shagon buga takardu ba sai ya tambaya ko akwai wuta ba, kin riga kin ba shi amsa tun kafin a amsa masa sallama.

Sannu da ɗawainiya da yaron shago. Yana zaune tun ƙarfe takwas na safe har magariba, akwatin na kan tebur dab da kunnensa, ke kuma ba ki taɓa barin sa cikin kaɗaici ba. Dattijo ya zo da takardar koke rubuce da hannu yana karanta masa, yaron yana ta cewa, "Na'am Baba? A ɗan maimaita." Da yamma ya tashi kai ya yi masa nauyi, ya sayi farasitamol a kemis, ya ɗora wa zafin rana laifi. Gwaninta ke nan, a yi ɓarna a bar wani da suna. Ƙararki ba ta kai ta kurmantar da mutum ba, don haka babu likitan da zai rubuta sunanki a kati. Natsuwa kawai kike ci, kaɗan-kaɗan, kullum, har mutum ya manta cewa aiki cikin shiru haƙƙinsa ne. Sai ranar da aka ɗauke wuta ɗakin ya yi tsit, ya ji kafaɗunsa sun sauko, sannan ya san irin kayan da kika ɗora masa.

Amma rashin adalci ne a ba ki yabon ke kaɗai, a manta da iyayen gidanki da suka yi miki tarbiyya.

Jinjina ga kamfanin Nvidia, wanda a farkon 2003 ya fito da katin hoto mai suna GeForce FX 5800 Ultra. Katin yana da zafi, sai aka ɗora masa wata fanka mai hura iska ta cikin bututu, ta cinye gurbin kati biyu a bayan akwati. Ladabinta ma abin a yaba ne: tana nan lafiya lau, da zarar mutum ya buɗe wasa mai nauyi sai ta kwarma ihu. Masu saye, waɗanda suka zuba kuɗin da ya kai na ƙaramar kwamfuta guda, suka laƙaba mata sunan injin zuƙe ƙura. Abin ya kai kamfanin da kansa ya yi bidiyon barkwanci, ma'aikatansa na nuna yadda za a busar da gashi ko a share ganyen bishiya da katin. An yi dariya, ta yi daɗi. Wanda ya biya kuɗinsa ne dai ya koma gida ya ci gaba da zama da ita. A daidai lokacin nan katin Radeon 9700 Pro na kamfanin ATI yana goga kafaɗa da katin na Nvidia, a wasu gwaje-gwajen ma yana wuce shi, da 'yar fanka ta yau da kullum. Cikin 'yan watanni aka maye gurbin FX 5800 Ultra da FX 5900, wanda bai gaji wannan baiwar murya ba.

Kada Apple su ce an manta da su. Kwamfutarsu Power Mac G4 ta 2002, mai ƙofofi masu sheƙi, ta yi ƙarar da mutane suka riƙa kiran ta ramin iska. Kuma su wa ke sayen ta? Da yawansu masu haɗa sauti ne da masu tace fim, mutanen da kunne ne jarinsu. A sayar wa mai ɗaukar murya na'urar da ke shiga cikin faifansa ba gayyata, wannan hikima sai manya. Da koke ya yi yawa, a 2003 kamfanin ya buɗe shirin musanya akwatin wuta da fanka. A shekarar kuma ya fito da Power Mac G5 mai fanka har tara, kowace na juyawa a hankali gwargwadon zafin sashenta. Ashe dama an san hanya. Intel ma sun ba da tasu gudummawa a 2004 da furosesa Pentium 4 samfurin Prescott, wadda manyanta ke fitar da zafi har wat 115, aka bar 'yar fanka ta yi ta haki a kanta. Sai a 2006 Core 2 Duo ta zo da wat 65, tana aikin da ya fi na waccan.

Duk wannan ya kamata ya kashe maganar nan da ake yi a kasuwa, wai ƙara alamar ƙarfi ce. Bai kashe ta ba, kuma godiya ta tabbata ga masu ƙera akwatunan araha da suka riƙe miki mutuncinki. Sun san fanka mai milimita 120 ta ninka mai milimita 80 a girman fili fiye da sau biyu, don haka za ta tura iska iri ɗaya ba tare da ta yi gudun fitar rai ba. Sun san idan aka rage gudun fanka da rabi, ƙararta na sauka da kusan desibel 15, alhali saukar desibel 10 kawai ta isa kunne ya ji kamar an raba ƙara biyu. Injiniyoyi ne, ba abin da ya shige musu duhu. Sai suka zaɓi ƙaramar, suka sa mata bushin maimakon boris mai kyau, suka ɗaure ta da noti kai tsaye a jikin siririn kwano don duk akwatin ya taya ta rawa, suka tare gabanta da ƙananan huji da iska za ta riƙa yin fito a ciki. Wasu ma suka jona ta kai tsaye da wutar bolt 12, ko kwamfutar na aiki ko tana hutawa gudu ɗaya ne. Tun wajen 2004 akwai fanka mai waya huɗu wadda madabod ke iya rage mata gudu idan zafi ya sauka. Amma a ƙara 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane akwati don kunnen wani da ba a sani ba? Allah ya kiyaye almubazzaranci.

Mu ma a nan ba mu bar ki kin yi maraici ba. Kwamfutar gwanjo ta gama shekarunta a wani ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Ingila ko Amurka, ta iso Kano ko Maraɗi, aka girke ta a ƙasa kusa da ƙofa, bayanta manne da bango. Hunturu ya zo ta sha ƙura daga Nuwamba har Fabrairu. Bazara ta biyo baya da zafin da ke haura digiri 40. Ba wanda ya taɓa kwance notin nan biyu na murfin gefe. Ranar da aka kai ta wurin mai gyara ya ɗaga fankar furosesa, sai ga ƙura ta dunƙule tsakaninta da haƙoran ƙarfen da ke shanye zafi, ta toshe kowace kafa, har yana ɓamɓaro ta da yatsa falle guda. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya tsattsage, sai kankarewa. Ya ɗaye takardar da ke manne a cibiyar fankar, bushin ya bushe ƙamas, shi ya sa take gurnani kamar injin markaɗe kowace safiya. Duk wannan lokaci fankar tana gudu iya ƙarfinta tana hura iskar da ba ta zuwa ko'ina, furosesa kuwa da ta doshi digiri 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ga ƙara ta ƙaru, ga aiki ya ragu. Maigida kuma yana da magani a hannu: ya ɗaka wa akwatin duka a gefe, ta yi shiru na minti biyar. Wani gwanin ma tsinken biro yake zura mata ta tsaya cak, ya zauna yana jin daɗin shirun, har kwamfutar ta mutu a tsakiyar aikin ɗalibin da bai adana ba.

Saboda haka ina jan kunnen masoyanki su yi hattara da maƙiyanki, don suna da yawa kuma ba su da tsada. Akwai bulowa da buroshi, waɗanda in aka fitar da akwati waje aka cire wuta, aka dafe fukafukanki da yatsa don kada iska ta juya ki fiye da kima, cikin minti goma sun raba ki da rabin muryarki. Akwai ɗan ɗigon sabon mai a kan furosesa, da 'yan robobin da ake sawa maimakon noti, da ɗaure wayar da ke taɓa fiffike. Akwai shafin nan na BIOS inda ake gaya miki ki bi a hankali sai zafi ya tashi, wanda yawancin masu kwamfuta ba su taɓa leƙawa ba. Ko ɗaga akwatin daga ƙasa a ba shi tazarar taƙi guda daga bango cin amanarki ne. Kamfanoni irin su Noctua na ƙasar Ostiriya sun mai da ƙera fanka marar hayaniya sana'arsu, amma ba sai an je can ba, babbar fanka mai waya huɗu ta kasuwa ma ta isa ta ƙasƙantar da ke.

Mai shago kuwa, don Allah kada ya saurari yaronsa in ya ce masa, "Oga, injin nan na damuna." Kuɗin gyaran bai kai cinikin yini guda ba, amma in aka fara biye wa yara, gobe kujera mai kyau za su nema. Wanda ya je sayen kwamfuta shi ma ya kama kansa. In mai kaya ya kunna ta ta ɗauki kuwwa, ya ce masa, "Alhaji, ai ƙarfi ne ya yi mata yawa," ya gyaɗa kai ya ƙirga kuɗi. Kada ya kuskura ya ce a buɗe masa murfin gefe ya ga cikinta, ko a bar ta ta yi aiki na rabin awa kafin a yi ciniki.