Wai Har da Talo-talo Ake Yi wa Kwanto?

Na san abin da za ku ce tun kafin in gama. A Amurka akwai magidanta da hankalinsu, da aikin yi da iyali, waɗanda tun watan Fabrairu suke fara zagaya gonakin mutane da asuba cikin sanyi, ba bindiga ba kare, wai suna shirin farautar talo-talo da ba za a buɗe ba sai Afrilu. A wannan yawon ma sukan haɗa da leƙen barewar da ba za su harba ba sai Nuwamba. Ga Malam can ya ajiye jaridar yana tafa hannu: "Talo-talo dai? Wanda ke kumburi a bayan gidan Hajiya, ɗan shekara bakwai ya kama shi da tafin dussa?"

Shi fa, Malam, amma kakansa. Na Hajiya jikan waɗanda mutanen Mekziko suka fara kiwo ne, Sifaniyawa suka kwasa zuwa Turai a farkon shekarun 1500, daga can ya gangaro har ya iso mu da ƙiba da shashanci. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wanda ya yi wannan karin magana bai san zuriyar talo-talo ba. Na daji a kan bishiya yake kwana. In ya tashi sama yana iya kai mil 55 a awa a ɗan gajeren zango, a ƙasa kuma ya yi mil 25. Idonsa yana rarrabe launi, kuma da ɗan juya wuya ya ga gabansa da bayansa. Ka ɗaga hannu ka kori sauro yana yadi ɗari, shi ke nan, ka tashi ka tafi gida.

Shi ya sa ba a zuwa masa da ka. Mutum zai tashi kafin alfijir ya tsaya a bakin gona, inda masara ta ƙare kurmi ya fara, ya kasa kunne kawai. A wannan lokaci na shekara namijin yakan yi cara daga kan reshen da ya kwana don ya sanar da mata inda yake. In ya yi shiru, sai mai leƙe ya ciro 'yar usur ya yi kukan mujiya ko na hankaka. Namijin talo-talo yana da wata ɗabi'a: duk ƙarar da ta zo masa ba zato sai ya mayar da martani, ko tsawa ce ko rufe ƙofar mota. Da ya amsa ya tona wa kansa asiri. Sai a sa alama, a dawo gobe a ji ko nan ya sake kwana, a lura da gefen da yake dira in gari ya waye, da gonar da yake nufa.

Da rana ta ɗaga sai a shiga karatun ƙasa. Inda aka tone busassun ganye, nan suka yi kiwo, kuma gefen da ganyen ya taru yana nuna inda suka fito. Ɗan rami a busasshiyar ƙasa da gashi a ciki, wurin wankan ƙura ne. Sawu mai yatsu uku da ya wuce inci 4, namiji ne. In ka ga layi biyu a gefen sawun kamar an ja tsinke, fukafukansa ne yake ja a ƙasa yana taƙama, kuma inda ya yi taƙama yau zai dawo gobe. Har kashi ana dubawa. E, Hajiya, ki toshe hanci, amma na namiji dogo ne mai lanƙwasa a baki, na mace kuwa a dunƙule yake a naɗe. Akwai injiniyoyi da likitoci da suke durƙusawa a gonar wani suna juya kashin tsuntsu da kara, su tashi suna murna.

Wanda ya iya, ba ya kukan mace a lokacin leƙe. Sabon shiga ne yake ɗokin gwada sabuwar usur ɗinsa, tsuntsu ya zo ya duba bai ga kowa ba, ya koyi darasi kyauta, ranar farauta ya ƙi zuwa. Ita kanta farautar ta watan Afrilu yaudara ce da ta saɓa wa al'adar tsuntsun. A daji namiji ne yake cara, mace ta taka ta same shi. Mafarauci kuwa zai jingina da gindin bishiya, da ɗan akwatin katako ko allon dutse da tsinke ko wata 'yar roba da ake mannawa a ganɗa, yana kukan mace, yana roƙon namijin ya zubar da girmansa ya zo. Sau da yawa gogan yakan taho har yadi 70 ya tsaya, ya buɗe wutsiya, yana jiran ta ƙaraso. Bindigar kuma ba a dogara da ita in an wuce yadi 40. Haka za a zauna, ƙafa ta mutu, hanci yana ƙaiƙayi, ba halin sosawa. Mu nan mun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Can wanda ya ci talo-talo zama ya ci. Kuma mai gemu kaɗai doka ta yarda a harba a wannan lokaci, ɗaya ko biyu a yawancin jihohi, don matan suna shirin kwanci.

"To ya shiga daji mana, me ya kai shi gonar mutane?" Dajin wa? A Tekzas kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar mallakar mutane ce, jihohin noma irin su Ayowa ma haka abin yake ko fiye. Dokarsu ta ce naman daji na jama'ar jiha ne gaba ɗaya, ba na mai gona ba, amma ƙasar da dabbar take takawa ta mai gona ce. Ba ka tsallaka shinge sai da izini. A jihohi da dama manomi ba ya ma wahalar rubuta allo, fenti ruwan shunayya zai shafa a jikin bishiya ko turken shinge, kuma a gaban alƙali wannan fentin daidai yake da "kada ka shigo". Don haka kafin karatun sawu akwai karatun mutum. Akwai manhajar waya, onX Hunt, da ke nuna iyakar kowace gona da sunan mai ita, amma manhaja ba ta yi maka sallama. Sai ka je da kanka, watanni kafin lokaci, ba ranar da yake fama da shuka ba, ba kuma cikin kayan sojan daji ba. Wani ya taya gyaran shinge, wani ya taya ɗibar harawa, wani ya yi alkawarin cinya. Inda abin ya zama kasuwa, haya ake biya, eka kaza dala kaza a shekara. Manomi da yawa ma yana maraba, don barewa ta ishe shi da ɓarnar waken suya da masara.

Yanzu ga Baba maharbi, wanda tun ɗazu yake kallona a kaikaice. Allah ya ja kwana, Baba, na san talo-talo bai kai ka tanka ba. Ga barewa. Tasu mai farar wutsiya ce, namijin yana da ƙaho mai rassa, kuma kowace shekara tsakanin Janairu da Maris ƙahon yakan faɗi, sabo ya tsiro. Wanda ya tsinci ƙahon a gona ya san abu biyu: wannan namijin ya tsallake harbin bara, kuma nan yake yawo. Wannan ne dalilin yin leƙen barewa tun ƙarshen sanyi. Ganye ya zube, ƙanƙara ta narke, duk abin da dabbar ta rubuta a watan Nuwamba yana nan a fili: ƙananan bishiyoyin da namijin ya goge wa ɓawo da ƙaho, filin da ya share da kofato ƙarƙashin wani reshe ya yi fitsari don mata su san da shi, hanyar da suka taka har ta zama turba tsakanin makwanci da gona. Ko ka firgita shi a Maris ba komai, kafin kaka ya manta. Ka yi wannan yawon a Oktoba, ka kore shi zuwa gonar maƙwabci.

Abin da ake nema shi ne mashiga: inda kurmi ya tsuke tsakanin gonaki biyu, ko inda shinge ya karye, ko mararrabar rafi, wurin da dole dabba ta bi. Nan za a zaɓi bishiya a ɗaura 'yar kujerar ƙarfe, ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa. Amma kafin a ɗaura sai an tambayi iska. Talo-talo da ido yake tsaron kansa, barewa da hanci. In iska ta ɗauki warinka ta kai makwancinta, ko ka yi wanka da sabulu marar ƙanshi ka ɓoye kayanka cikin buhun ganye, aikin banza ne. Don haka gwani yakan ɗaura kujera biyu ko uku, wannan ta ranar iskar arewa, waccan ta ranar iskar kudu, ya kuma share hanyar da zai bi ya shiga ba tare da ya ratsa gonar da suke kiwo ba. Baba, na ga ka gyaɗa kai. Wannan karatun naka ne, ba su fi ka ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a jihohi da dama faɗowa daga wannan kujera ya fi harsashi jikkata mafarauta, shi ya sa ake ɗaure kai da ɗamara a jikin bishiyar.

Inda za ku rabu shi ne kyamara. Sukan ɗaura ƙananan kyamarori a jikin bishiya, duk abin da ya gifta ta ɗauka, wasu ma nan take su turo hoton a waya. Ka ce wannan ragwanci ne, kuma ba kai kaɗai ba, don jihar Arizona ta hana amfani da su wajen farauta tun 2022. Ni dai abin da na gani a ciki azaba ce. Mutum yana kwance ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara, ga ƙaton namiji mai rassa goma yana kallon kyamara. Gobe ma haka, jibi ma haka, kullum ƙarfe biyu. Da rana ko ƙurarsa. Harbin dare kuma haramun ne, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta ake yi a yawancin wurare. Fitilar goshi, babu. Cinna wa daji wuta, babu. Karnuka, sai a wasu jihohi, galibi na kudu. Baba, da kai ne da tuni ka yi rantsuwa ka koma noma. Fatan mafarauci ɗaya shi ne makonnin barbara a Nuwamba, lokacin da namijin yake mance wayonsa ya bi mace da rana tsaka. Kada kowa ya kalli kowa.

Wani zai ce duk wannan ƙa'ida iyayi ne na wanda ya ƙoshi. Su ma da can irin taku suke yi, kowa ya samu ya harba, a loda a jirgin ƙasa a kai kasuwannin birni. Wajen 1900 barewar da ta rage a ƙasar duka ba ta wuce 500,000 ba. Talo-talo kuwa, a shekarun 1930 ƙiyasin da aka fi ambata 30,000 ne kacal. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 dokar Pittman da Robertson ta ware harajin bindiga da harsashi don kula da namun daji, wato mafarauci ne yake biyan kuɗin renon abin da zai harba. An fara da ƙyanƙyasar talo-talo a keji ana saki, suka zama abincin dila, don ba uwar da ta koya musu tsoro. Sai a 1951, a dajin Francis Marion na Karolina ta Kudu, aka gwada cilla raga da 'yar igwa a kan garken na daji, a kama su da rai a kai inda suka ƙare. Yau suna cikin jihohi 49, ban da Alaska, sun kai miliyan 6. Barewa ta kai wajen miliyan 30, har motoci suna karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara. Kuma har yanzu ido na kai: da adadin talo-talo ya fara raguwa, jihar Kansas ta dakatar da farautarsa ta kaka a 2023. Baba, yaushe rabonka da ganin barewa a bayan gari, ban da ta cikin labari?

A Wiskonsin kwana tara ake ba masu bindiga su farauci barewa, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na Nuwamba. A Mishigan ranar 15 ga Nuwamba ake buɗewa, kowace rana ta faɗo, kuma akwai garuruwan da ake rufe makaranta. Dubun dubatar mutane cikin riga ruwan lemo mai ƙyalli, don barewa ba ta rarrabe launin sosai amma ɗan'uwanka mai bindiga yana gani. Shirin wata tara saboda kwana tara.

Na ga Bakano ya ciro kalkuleta tun ɗazu. Alhaji, kilo nawa, nawa kilo, ko? Ajiye. Sayar da naman da ka harbo a daji laifi ne a can. Ka ci, ka kyautar, ko ka ba ƙungiyoyin da ke raba wa mabukata, amma ba ka kasa shi a faranti. In ka haɗa lasisi da haya da mai da kyamara da kujera, naman kanti ya fi araha nesa ba kusa ba, ga shi a jihohi da dama masu dawowa daga farautar talo-talo hannu rabbana sun fi masu samu yawa. Na san a lissafin Kantin Kwari wannan hauka ne. Sai dai kada ka tashi tukuna, don kasuwar tana wajen masu shirin. Usur, kyamara, sabulu, gunkin talo-talo na roba, duk ana saye. Har fitsarin macen barewa ake durawa a kwalba a sayar wa masu kwanto su yayyafa kusa da bishiyarsu. A'a, Alhaji, zauna, daina tambayar kuɗin kwantena. Jihar Bajiniya ta hana amfani da na gaske tun 2015 saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke yaɗuwa tsakanin barewa, kuma na akuyarka ba zai yi ba, hancin da na gaya maka zai gane.