Ranar da Zambezi Ya Wanke Mini Shadda

Masu ɗaukar hoto a magangarar ruwa ta Biktoriya suna da alhakin jama'a a wuyansu. Za su nuna maka mutum tsaf-tsaf yana murmushi, ga bakan gizo a bayansa, amma ba mai nuna maka yadda ya koma bayan ya ƙara taku goma.

Taro ne ya kai mu Livingstone, garin da ke kudancin Zambiya. Da aka tashi sai aka ce za a kai mu ganin ruwan. Watan Afrilu ne, lokacin da kogin Zambezi ke cika ya batse bayan daminar can. Ni kuwa da ma na yi tanadi: farar shadda ta sha bugu da sitaci, hula zanna, takalmi sau-ciki. Wurin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya tun 1989 ai ba a zuwa masa da jallabiya.

A ƙofar gandun Mosi-oa-Tunya muka tarar da masu ba da hayar rigunan leda. Abokin tafiyata, wani Bazazzagi, ya zaro kwacha ya biya ba ko tayi. Ya ce, "Alhaji, karɓi ɗaya mana." Na ɗaga kai, sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Na ce, "Malam, wannan dabarar cin kuɗin baƙo ce. Mu da muka tashi a Kantin Kwari ba a yi mana ita." Har gobe ina nan kan bakana, ba a yi mini bayani yadda ya kamata ba.

Ga bayanin da suka ɓoye. Kogin yana tafe a shimfiɗe, faɗinsa mita 1,708, sai kawai ƙasa ta tsage a gabansa, ya afka wani matsattsen rami mai zurfin da ya kai mita 108. Ramin ya yi masa kaɗan, feshin ba shi da wurin zuwa sai sama, ya tashi ya yi tsiri sannan ya dawo kan duk wanda ya tarar. Shi ya sa bakin ramin yake da kurmi kore shar duk shekara. A taƙaice, ruwan sama ne mai tasowa daga ƙasa, laima ma sai dai ta yi kallo.

Tun a cikin kurmin aka fara yayyafi, na daure, na ce raɓa ce. Sai muka iso wata siririyar gadar masu ƙafa da suke kira Knife-Edge. Jama'a, ban kai tsakiya ba ruwa ya rufe ni ta sama da ta ƙasa da ta gefe. Sitaci ya narke yana bin ƙafata, takalmi ya cika yana cakal-cakal, shadda ta manne mini na koma kamar alalar da aka ƙulla a leda. Ina salati da ƙarfi amma rugugin ruwa bai bar ni na ji muryata ba. Na saki hula don in kare waya, iska ta ce bismilla, ta ɗauke ta. Ina ji ina gani zannata ta nufi ɓangaren Zimbabuwe, ba fasfo ba biza. Hoton da Bazazzagi ya ɗauke ni a wurin fari ne fat, sai wani baƙi-baƙi a tsakiya da ya rantse ni ne.

David Livingstone, wanda ya iso nan cikin kwalekwale a 1855 ya laƙaba wa ruwan sunan sarauniyar Ingila, a watan Nuwamba ya zo, lokacin da ruwa ya ja baya. Bature da wayo.

Muka fito rana, kusa da hanyar da ke gangarawa ƙasan ramin, na tuɓe babbar riga na shanya a kan dutse. Na ce bari in huce da kilishin da na yo guzuri daga gida, wanda shi kaɗai ya tsira saboda ledarsa biyu. Ina buɗewa sai ga wani gwaggon biri ya taho a natse, tafiyar mai gari, ya miƙo hannu ya karɓe ƙullin gaba ɗaya. Ba fizga ya yi ba, karɓa ya yi. Na ɗaga takalmi, wani ma'aikacin gandun ya daka mini tsawa, ya ce kul, waɗannan ba a ja da su, kuma ba a fito da abinci a gabansu. Na zauna ina jiran yaji ya rama mini. Gogan naka ya yagi loma, ya tsaya, ya sosa hanci, ya dube ni, ya ci gaba da ci. Ƙaninsa kuma ya haye rigar da na shanya ya yi zaman dirshan.

Can nesa, a kan babbar gadar da aka gina a 1905 tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wasu ke ɗaura igiya a ƙafa suna faɗawa ƙasa tsawon mita 111, kuma su ne ke biya. Bazazzagi, a bushe ƙayau cikin ledarsa, ya ce, "Alhaji, tunda an riga an jiƙe, ko za a ƙarasa?" Na ce, "Malam, ina da iyali."

Wurin dai ya isa a je a gani, ikon Allah ne tsantsa, kuma ban ga na biyunsa ba. Idan za ka, sa silifas, biya kuɗin leda, ka bar guzuri a mota. Wanda kuma ya bi ta ɓangaren Zimbabuwe ya ga hula zanna mai ruwan toka a kan reshe ko a kan biri, don Allah ya neme ni, tawa ce.