Turancin da Ya Cinye Mana Kayan Ciki

A gidanmu na Tudun Murtala, duk takardar da ta zo da Turanci ni ake nema. Shi ya sa da Yaya ta sauka daga Ingila don Babbar Sallar 2023, da ɗanta wanda ko "sannu" bai iya amsawa ba, Hajiya ta damƙa min shi: "Kai ne Baturen gidan, sai ka ji da shi."

Ranar Laraba, ana saukowa daga Idi, aka kayar da ragon da Baba ya sayo a kasuwar Juma'a ta Wudil bayan ciniki har da rantse-rantse. Mahauci ya feɗe, ya rataye shi sai gobe a yanyana, ya tara kayan ciki a baho: hanta, ƙoda, huhu, tumbi da hanji. Duk Bakano ya san su ne naman ranar farko. Mata har sun ɗora kasko.

Zazzage tumbi da tatsar hanji rabona ne, ni kuwa ga sabuwar shadda a jiki. Ga yaro yana ta zumuɗi, har da safar hannu ta roba. To me Bature ke cewa in za a fitar da abin da ke cikin abu? Na laluba ragowar Turancin WAEC, na nuna bahon da leɓe, na ce, "Tiro awut ebiritin insayid." Na wuce gaida maƙwabta.

Yaro mai biyayya! Ya kinkimi bahon zuwa ƙofar gida, ya juye shi kaf a kwata, wadda ruwan Yuni ya cika maƙil. Ya wanke bahon tas da sabulu, ya kife.

Na dawo na tarar mai yana ƙauri a kasko, Hajiya riƙe da matsami, Baba yana tambayar ina hantarsa, don ita kaɗai haƙoransa ke iyawa. Yaya ta tuntsure da dariya, wai "kilin awut" ake cewa.

"Baba, ai Turancin Ingila daban ne da namu."

"Naɗe wandonka," in ji shi.

Na shiga kwata da shaddata har gwiwa, 'yan yawon Sallah sun yi cincirindo suna ba ni shawara. Hanta ta daɗe da yin gaba. Hanji kaɗai na kamo, ya saƙale a jikin wata leda, kuma har lokacin ba a tatse shi ba.