Baba, Kada Ku Sha!

Kwaɗi nake kiwo a falo. Gara in faɗa tun da wuri, mai dariya ya yi ya gama, don abin da ya same ni ranar Asabar ya fi wannan, kuma har yanzu kunnuwana zafi suke yi.

Ba irin na kududdufi ba ne masu hana unguwa barci da damina. 'Yan mitsi-mitsi ne, babbansu bai wuce santimita 4 ba, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, a cikin ruwa suke rayuwarsu kaf. Masana na ce musu Hymenochirus boettgeri. Asalinsu ƙoramun dazukan Kwango da Gabon da Kamaru ne har kudancin Najeriya, amma Turawa suka kwasa suka yi ta hayayyafa su a tankuna, yanzu ga shi ana sayar mana da jikokinsu a shagon kifin ado da kuɗi mai ciwo. Kifi na je saya, na dawo da kwaɗo huɗu a leda.

Ba su da harshe, ba su da haƙori, idon ma sai a hankali. Da hannu suke cusa abinci a baki, shi ma sai ka riƙe musu jar tsutsa da hantsaki a daidai hanci kafin su gane an yi girki. Tsutsar daskararriya ce, tana zaune a firiza kusa da markaɗen uwargida bisa wata yarjejeniya da ba a gama sa mata hannu ba. Huhu gare su, don haka dole su riƙa tasowa shaƙar iska, kuma dole tankin ya zama da murfi, in ba haka ba wata safiya ka tsinci ɗaya ya bushe a bayan kujera. Namijin kan yi wani zuuu da dare. Sai da uwargida ta kira mai gyaran firiji kafin aka gano mai laifin.

To ranar Asabar zafin Afrilu ya haura digiri 40, su kuwa ruwan da suke so tsakanin 22 ne da 26. An ɗauke wuta tun daren jiya, matatar tankin ta tsaya, ruwa ya soma wari. Dole a kwashe su a wanke tanki. A nan gizo ke saƙar: fatarsu na zuƙe duk abin da ke cikin ruwa, saboda haka ba a sa su a mazubin da sabulu ya taɓa taɓawa. Na duba gidan nan kaf, mazubi ɗaya ne tak bai san sabulu ba, wato sabon kwanon sha mai murfi na cikin kayan jeren uwargida, wanda aka ajiye don manyan baƙi. Na zuba masa ruwan randa kwanan-jiya mai sanyi, na juye mutanena ciki, na rufe, na ajiye a teburin tsakiyar falo, na ɗauki tanki na yi bayan gida da shi.

Ina cikin durza gilashi na ji sallama.

Surukina mutum ne da ba ya taka gidajen 'ya'yansa mata. Tun da aka kawo min 'yarsa bai san kalar ƙofarmu ba. Ranar ta'aziyya ta kawo shi unguwarmu, amininsa wani tsohon hedimasta ya matsa masa cewa ai bai kamata a wuce ba a leƙa yara ba. Na goge hannu a wando, na zura hula, na shigo na zube a bakin ƙofa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya zafi?"

Ana cikin haka ƙanwar uwargida da ke zaune wurinmu ta shigo. Yarinya mai tarbiyya. Ta ga kwanon manyan baƙi a kan tebur, jikinsa har ya yi raɓa don sanyi, ta ce a ranta lalle Yaya ya yi tanadi. Ta ɗauka hannu biyu, ta durƙusa, ta ajiye a gaban mahaifinta.

"Ga ruwa, Baba."

Jama'a, ina gani. Ina durƙushe, tsakanina da kwanon bai fi taku uku ba, amma gaisuwa ba ta kai rabi ba, kuma ban san yaren da ake katse suruki da shi yana tambayar lafiyar iyayenka ba. "Ya wajen su Hajiya?" Lafiya lau, Baba. Hannunsa ya sauka kan murfi. "Ya mai jikin nan na gidanku?" Da sauƙi, Baba. Ya ɗaga murfin ya kifa a gefe, idonsa na wajen Hedimasta, suna maganar mamacin da suka baro. Ya tallabo kwanon hannu biyu. A wannan lokacin babu abin da ya faɗo min a rai sai abin da na taɓa karantawa, cewa tsakanin 2009 da 2011 sama da mutum 200 a Amurka, yawancinsu yara, sun kamu da ƙwayar salmonella, mai kawo zawo da zazzaɓi, daga ruwan irin waɗannan kwaɗin. Na hango kaina ina yi wa dangin matata bayani a barandar asibiti. Baba ya ce, "Bismillahi."

"BABA, KADA KU SHA!"

Ni da ban taɓa yin maganar da ta wuce gwiwata ba a gabansa. Har mai gadin maƙwabta ya ce ya ji.

Baba ya tsaya, kwano na daf da gemunsa. Ya sunkuyar da kai.

Ga abin da ya gani, don na san su sarai. Ɗaya tana shawagi a saman ruwa, ta ware hannuwa da ƙafafu, ta baje kamar wanda ya ci tuwo ya ƙoshi ya samu tabarma a inuwa. Haka suke hutawa, wanda bai sani ba sai ya ce gawa ce. Biyu suna can ƙasa, namijin ya rungume ƙugun macen ya ƙanƙame, abin da sukan yi awanni suna yi in lokacin ƙwai ya zo, kuma duk zaman da suka yi a tankina ba su taɓa yi ba sai yau, a kwanon jere, a hannun surukina. Na huɗun kuwa lokacin shan iskarsa ne ya yi. Ya taso a guje daga ƙasan kwano, ya huda saman ruwa a saitin hancin Baba, ya yi ɓul, ya koma. Ɗigon ruwa guda ya tsaya a gemu.

Wannan ɗigon shi ke hana ni barci. Ina rufe ido sai in ga ya taso, ɓul, ya koma. In juya ɗaya gefen, ya sake tasowa. Baba bai firgita ba, bai yi salati ba, bai wurgar da kwanon ba, wanda da ya yi hakan da na samu sauƙi. Kallonsu ya yi tsaf, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kan na ƙasan nan biyu. Sannan ya ajiye kwanon a hankali, ya ɗauki murfi ya rufa musu asiri, ya share gemu da bayan hannu, ya ce, "Alhamdulillahi." Kamar ya sha.

Shiru ya sauka a falon. Shirun nan ne ya sa na buɗe baki don in nuna halittar mai daraja ce. Akwai labari mai kyau da na sani: wani Bature ɗan Ingila, John Gurdon, a 1962 ya samar da talibambam daga ƙwayar halittar hanjin wani talibambam na yayan waɗannan, babban kwaɗon ruwa mai farce na kudancin Afirka, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2012. Shi na yi niyyar faɗa. Bakina ya zaɓi wani.

"Ai Baba suna da amfani sosai. Yayansu ma da shi aka riƙa gwajin ciki a asibitocin Turai, tun shekarun 1930 har zuwa na 1960. Fitsarin mace ake yi wa kwaɗuwar allura da shi, in ta saki ƙwai kafin washegari, to akwai ciki."

Na ji abin da na faɗa bayan ya riga ya fita. Ciki. Fitsari. A gaban mahaifin matata. Can bayan labule wani faranti ya faɗi. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Sai Hedimasta ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! Ashe abin da ake ciki ke nan. To ɗana, kwaɗon me ya ce?"

Daga nan bai ƙara barin kowa ya yi magana ba. Ya jawo kwanon, ya buɗe, ya sa tabarau. Da fari ya ce tamowa ke damunsu, shekararsa talatin yana koyar da kimiyya a firamare bai taɓa ganin kwaɗo ya rame haka ba. Na ce iyakar girmansu ke nan. Ya ce haka duk mai rowa yake cewa. Ya tambayi abin da nake ba su, da ya ji ana sayen tsutsa da kuɗi har a sa ta a firiza sai ya riƙe baki, ya ce in jiƙa musu ƙanzo da ɗan ƙuli-ƙuli, sati biyu zan ga canji. Ya ce in riƙa barbaɗa gishiri da toka a ruwan don kashe dafi. Dafin ba su da shi, gishirin da tokar kuwa su za su fara kashewa, amma na ce to, Malam. Ya ce in daina ɓarnar kuɗi a shago, ruwa na sauka zai sa jikokinsa su ciko min buhu da burduddugi daga fadamar garinsu, manya masu cika hannu, waɗanda in an gwada da su sakamakon zai fito ɓaro-ɓaro. Ya ƙara da cewa in ɗaura wa kowanne zare a ƙafa don in riƙa gane su, kuma in raba waɗancan biyun, akwai yara a gida.

Baba dai bai ce uffan ba har suka miƙe. An kawo ruwan leda a faranti, ya ɗaga ɗaya ya duba ta a hasken taga, gaba da baya, sannan ya ce ai ya ƙoshi.

Na raka su mota. Baba ya shiga, Hedimasta ya ja hannuna gefe, ya rage murya.

"Tsakanina da kai, malamin da ya ba ka wannan aikin, huɗu ya ce maka?"

"Wallahi Malam ba wani malami. Sha'awa ce kawai."

Ya jinjina kai irin na wanda ya fahimci komai. "Haka ake so, riƙe sirrinka. Amma ka koma ka tambaye shi. Bakwai ake yi."

Bayan magariba surukata ta bugo wa 'yarta waya, ta ce kada ta kuskura ta ƙara ɗaga bokiti, kuma za ta aiko da yarinya mai taya aiki. Kafin isha yayyenta biyu sun kira suna guɗa. Uwargida ta ce kwanon ta bar wa kwaɗin halak malak, sauran maganar kuma sai ta huce.

Don Allah duk wanda labarin ya iso masa, ya taya ni isar da gyara: babu ciki, babu malami, kuma ba na buƙatar buhun burduddugi.