A Ɗan Saki Fuska, Alhaji

A gidan biki ko filin hawan Sallah kowa jarumi ne, har zuwa lokacin da mai hoto zai ɗaga kyamara. Daga nan sai a fara gyaran hula, ana shanye tumbi, ana neman inda za a ajiye hannu, hannun da mutum ya girma da shi bai taɓa damunsa ba sai yau. Masu wannan sana'a sun san jama'a fiye da yadda jama'a ke zato. Da kallo ɗaya suke gane wanda ya fito da ƙarfin gwiwarsa daga gida, da wanda ya aro shi tare da babbar riga.

Na farko a kujera shi ne Alhaji mai ɗaure fuska. Tun hantsi yake tsokanar jikoki da abokan wasa, dariyarsa har ƙofar gida ana ji. Ana cewa "Alhaji, hoto," sai ya tattara fara'ar nan kaf ya zuba a aljihu. Ya miƙe wuya, ya ɗora tafuka a kan gwiwa yadda zobe da agogo za su fito, ya zuba wa kyamara ido irin kallon da ake yi wa wanda ya ci bashi ya ɓuya. A ganinsa haƙori sirri ne, ba a nuna wa bare. Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan saki fuska." Alhaji ya amsa ta gefen baki, "Ai na saki." A farkon zamanin ɗaukar hoto akwai dalilin wannan daskarewa, domin kyamarar lokacin tana jimawa kafin ta kama, ko ɗan motsi ka yi sai ka fito dishi-dishi. Dalilin ya rasu tun kafin a haifi Alhaji, amma har yau ba a kai masa labarin rasuwar ba.

Can a bakin titi akwai saurayi mai jingina da motar mutane. Ranar Sallah ya ci shadda mai sabon bugu, ya karya hula, ya fita farautar mota mai sheƙi wadda mai ita ya shiga gaisuwa. Ya jingina, ya harɗe ƙafa, yana kaɗa makulli a yatsa; wanda ya dubi hoton da kyau zai gane makullin kwaɗon ɗakinsa ne. Kada a yi masa dariya da yawa, yana da magabata. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yakan tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur, har da mota, don mutum ya tsaya kusa da abin da yake fatan mallaka. Hotunan nan yanzu ana baje kolinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Faransa da Amurka. Sai dai shi Keïta da yardarsa yake ba da aro, kuma motarsa ba ta ihu in an taɓa ta. Ta yanzu kuwa, kana ɗora mata gwiwar hannu za ta tara maka unguwa.

Wadda ta fi jiƙa wa masu hoto aiki ita ce Hajiya Mu-Gani. A zamanin fim mai cin hoto 36, sau ɗaya ake ɗauka a kai wanki, bayan kwanaki ka karɓi rabonka, ko da idonka a rufe ya fito, ka ce alhamdu lillahi. Tun da aka yi wa kyamara allo a baya wannan haƙuri ya ƙare. "Mu gani. Kai, goge, ka ƙara mini ƙiba." A sake. "Malam mai hoto, ba na ce maka ta hagu ake ɗaukata ba?" Hajiya ta san fuskarta ɓari-ɓari, ta san wanda ke fita da wanda ake barinsa a gida. Gwaggwaronta kaɗai ya shafe mutum uku a sahun baya, amma wannan bai dame ta ba. Bala'in yana cika ne idan ƙawayen amarya goma suka jeru cikin anko, kowace da ikon soke hukunci: hoton da ya gamsar da tara, ta goma ta ƙifta ido. Amarya na tsaye ƙafa ta yi tsami, shinkafa ta huce. Bayan an gama kuma sai a bi ta cikin waya a wanke fuskoki tas, a ƙara haske, a rage kumatu, har hoton ya isa ƙauye kakar yarinya ta riƙe shi da nisa tana tambaya, "Wannan Balarabiyar 'yar gidan wa ce?"

Gwaggo kuwa cewa take, "Ni ku rabu da ni, ba na son hoto," alhali hannunta na gyara mayafi. In ka gaskata ta ka wuce, ka sayi rigimar shekara: "Wato ni ba mutum ba ce?" Amma a bambanta ta da masu kunyar gaske, irin amaryar da ke lulluɓe ranar kamu, ko uwar da ake ja ta tsaya kusa da ɗanta na fari tana zillewa don kara. Waɗannan ba wasa suke ba, kuma mai hoto mai hankali yakan sauke kyamara ya ba su hanya.

Akwai kuma wani bawan Allah da yake cikin kundin hotunan kowane biki. Dangin ango sun ɗauka na amarya ne, dangin amarya sun ɗauka na ango ne. Ga shi nan a tsakiya, hannunsa a kafaɗar waliyyi. Babban wansa shi ne mai kama hannun manya a taron siyasa ko naɗin sarauta: in ya samu musabaha da mai girma ba zai saki ba sai ya ga walƙiyar kyamara, idonsa ma ba a kan wanda yake gaisarwa yake ba. Gobe hoton ya zama ƙato a bangon shago, duk wanda ya shigo a ce masa, "Mutumina ne, ko jiya mun yi waya."

Inda ake tankaɗe da rairaya dai shi ne Hawan Daushe a Kano, washegarin Sallah, hawan da ke cikin bukukuwan da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. A kan kyamara mahaya biyu za su iya yin kama: rawani, alkyabba, doki ya sha jalala. Bari 'yan bindiga su saki harbi. Wanda ya tashi a bargar gidansu ko gezau, linzami a yatsa biyu, yana ma amsa gaisuwar 'yan kallo. Wanda ya yi hayar doki don Sallah kuwa tuni ya rungume wuyan dabba, rawani ya warware ya bi iska, bakinsa na karanto duk addu'ar da ya haddace tun makarantar allo. Shi ne kuma zai bi mai hoto da yamma yana roƙo a ba shi na farkon, wanda aka ɗauka kafin harbi. Ga wani ɗan hakimi da bai wuce shekara bakwai ba, an naɗe shi har ido kaɗai ake gani, yana zaune daram a kan sirdi yana hamma. Shi bai san ana kiran wannan ƙarfin hali ba.

A filin nan ne kuma sabon nau'i ya ɓullo: mai hoton ɗauki-da-kanka. Dawaki sun taso a sukwane za su yi jinjina a Ƙofar Kudu, kowa na neman gefe, shi kuwa ya juya musu ƙeya, ya ɗaga waya, yana gyara murmushi. Wannan ba jarumi ba ne, bai waiwaya ba ne kawai. Sau da yawa bulalar dogari ce ke ceton ransa, kuma ba ya godiya.

Ni dai a wurina hotunan da suka fi kyau na mutanen da ke da abin yi ne. Ɗan dambe ya naɗe hannu yana kirari a tsakiyar fage. Ɗan Fulani a wurin shaɗi ya ɗaga hannu sama da madubi, bulala na sauka a haƙarƙarinsa yana duba fuskarsa ko ta nuna wani abu. Masunci a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ya fito daga kogin Matan Fada jiƙe sharkaf da giwan ruwa a kafaɗa. Ko tsohuwa mai ƙosai da ta ɗago ta ce, "Hoton me, ɗan nan? Saya tukuna." Babu ɗayansu da zai ce maka mu gani. Haka yara, masu bin mai hoto a guje suna "Ɗauke ni! Ɗauke ni!" Ana ɗauka sun watse.

Wuri ɗaya ne kowa ke zama daidai da kowa, wato gaban kyamarar katin shaida. A nan babu ɓarin hagu, babu motar aro, babu mu gani. Hajiya ta fito a firgice, saurayi ya fito a gajiye. Alhaji kaɗai ke fitowa yadda ya saba.

Amma in za a ba da kambi, mai hoton kansa ne zai ɗauka. Shi ne talakan da zai ce wa hakimi "a ɗan matsa" a matsa, ya ce wa liman "a ɗago kai" a ɗago. Ya ce saura ɗaya, ya ɗauki goma. A wurin dina ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya sa shi, amma kafin a tashi ya garzaya ya wanko hotuna ya shimfiɗa su a bakin ƙofa, har da naka wanda ya kama ka da loma a baki. Ya san ba za ka tafi ka bar shi a ƙasa jama'a na tsallakawa ba. Saboda haka, mai karatu, kada ka tsaya ciniki ana kallo. Biya ka ɗauke abinka, ka kuma duba da kyau, don yawanci guda biyu yake wankowa.