Ranar Da Injin Baffa Ya Yi Yaji

Mai son ganin taron masana kada ya wahalar da kansa zuwa jami'ar Garwa. Ya sauka a Ngong, ya kama hanyar Lagdo, ya tsaya bakin ruwa har injin wani ya ƙi tashi.

Baffana yana da kwale-kwale da injin Yamaha mai ƙarfin doki sha biyar. Ya ce ya saye shi jim kaɗan bayan Sinawa sun gama madatsar Lagdo a 1982, ko da yake duk shekara labarin sai ya ƙara tsufa. Murfinsa da robar tayar babur aka ɗaure shi. Rannan mun yi lodi za mu tsallaka, ga buhunan masara daga kasuwar Ngong, ga wata Inna da kajinta uku. Baffa ya yi bismilla ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja, injin ya yi tari sau ɗaya kamar mai neman a tausaya masa, ya koma barci.

Kafin ja na biyar mun samu injiniyoyi tara.

Na farko ya ce fulogi ne. Na biyu ya ce a'a, buji ne. Sai da suka kusa cin kwalar juna kafin wani ya gane cewa abu ɗaya suke nufi, wancan a Yola ya yi zama, wannan a Garwa. Aka aiki yaro ya sayo sabo, da kuɗina. Aka ɗaura, shiru. Aka ce jabu ne, a sayo wani.

Wani ɗan acaba ya ajiye fasinjansa a rana ya zo ya ce kafireta ce ta toshe. Ya kwance ta a kan ɗankwalin Inna, ya hura, ya tsotsa, ya tofar, ya mayar, sai ga ƙusa biyu sun yi saura. Ya juya su a tafin hannu ya ce dama kamfani ne ya sa su don ado.

Shi kuwa Alhaji mai babbar riga ko kusa da injin bai zo ba. Daga inuwa ya yanke hukunci: laifin Tinubu ne. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, in ji shi, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga can, ta yi tsada, wasu kuma sai su ƙara mata abin da Allah kaɗai ya sani. A nan kam yana da ɗan gaskiya, ruwa a cikin fetur yana kwanciya ƙasan tanki, shi injin ke fara sha. Sai dai tankin Baffa lafiyarsa ƙalau.

Duk wannan lokaci matasa suna layi, kowa na son nuna ƙwanji. A ja cok, a matsa famfon tiyo, a finciki igiya, har injin ya ƙoshi da mai ya fara amai, warin fetur ya kori masu sayar da ƙarfasa. Da ƙarfi ya ƙare sai aka koma inda muka saba komawa. Wata tsohuwa ta ce baki ne, ai jiya an ji wani yana yabon injin. Aka kira malam ya yi tofi a farfela.

Can da la'asar sakaliya wani bakanike ya iso, siriri, rigarsa duk baƙin mai, ba wanda ya ba shi hanya. Ya kwance fulogi, ya jingina shi da jikin injin, ya sa aka ja. Babu wuta.

"Baffa, ina jar igiya?"

"Ga ta nan, tun safe muke ja."

"Ba igiyar ja ba, Baffa. Jar igiya, mai ɗan maƙalli, wadda ake soka wa a madannin kashewa. In ba ta, ko sabon inji ba zai ba da wuta ba."

Aka yi tsit. Sannu a hankali idanu suka koma kan kajin Inna. Ga ta nan ɗaure da ƙafafunsu, ja wur. Inna ta ce ita ta ga igiya a yashe, kuma kaji ba sa jira.

Ya mayar da maƙallin, ya busar da fulogi, ya nemo wa ƙusoshin nan biyu gidajensu. Ja biyu injin ya kama. Injiniyoyi tara suka ce da baki ɗaya: "Ai na faɗa!"

Malam ya tafi da kaza ɗaya, don har yau Baffa ya rantse tofin ne ya yi aiki. Bakanike ya samu "Allah ya yi albarka". Ni kuwa ina da fulogi biyu sababbi a aljihu. Mai bukata ya same ni a Ngong ranar kasuwa, in ya fi son buji ma akwai.