Ladubban Yawon Buɗe Ido a Bakin Komadugu

Mutanen Jamus suna da wata ɗabi'a da suka gada kaka da kakanni, wato magidanci lafiyayye, wanda ba a aike shi ba, ba ya bin kowa bashi, akuyarsa kuma ba ta ɓata ba, ya wayi gari ran Lahadi ya ɗaure takalmi, ya goya jaka, ya shiga daji ya yini yana tafiya, sa'an nan da la'asar sakaliya ya komo daidai inda ya tashi yana murna. Hukumomin ƙauyukansu kuwa, maimakon su nema masa magani, sai suka taya shi da alluna masu faɗin nisan kowace hanya da kujerun hutawa a kan kowane tudu, har tun shekarar 1900 aka shata wata hanyar ƙafa a Baƙin Dajinsu, daga Pforzheim zuwa Basel, mai tsawon kilomita wajen 285. To da yake samarinmu sun soma sha'awar wannan ɗariƙa, na ga ya wajaba a rubuta musu ladubbanta bisa yanayin Diffa da kwarin Komadugu, don kada su yi koyi ba da ilmi ba.

Sharaɗin da ke gaba da kowane sharaɗi shi ne ka tanadi hujja. A wannan ƙasa kowa tafiya yake yi, manomi zuwa fadama, makiyayi bayan shanu, yarinya zuwa rijiya, amma babu wanda ke yin ta don nishaɗi, saboda haka idan dattijo ya tare ka ya ce, "Samari, ina aka nufa?" ka amsa masa da "Baba, yawo kawai nake yi," to ka bar shi da fassara uku, ko dai ka taɓu, ko kana neman aure a ɓoye, ko leƙen asiri ya kawo ka. Ta ukun nan kuwa, tun watan Fabrairun 2015 da 'yan Boko Haram suka kawo hari Bosso da Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci, ta daina zama abin dariya, don haka katin shaidarka ya zamana a aljihun gaba, inda hannu zai kai kafin jandarma ya gama tambaya. Jamusawan da suka riga ka zuwa sun fahimci wannan mas'ala sarai. Barth ya sa wa kansa suna Abdulkarim kafin ya ratsa ƙasar Manga a ƙarshen 1852, daga Kukawa ta Gure zuwa Damagaram. Abokinsa Overweg ya ɗoro jirgin ruwa gunduwa-gunduwa bisa raƙuma ya ƙetaro Sahara da shi don ya sa a Tafkin Chadi. Nachtigal kuma a 1870 ya zo da gaisuwar Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar na Barno. Kai da ba ka da jirgi, ba kuma sarkin da ya aiko ka, mafi sauƙin hujja ita ce ka ce ka zo jin farashin tattasai.

Hanya ba ta bukatar dogon bayani, don ita kanta doguwa ce: kimanin kilomita 1,360 daga Yamai, nisan da ya halatta maka ƙasaru ba tare da saɓanin malamai ba. Bayan Gure ka farka ka buɗe ido, domin wajajen Gudumariya da Maine Sorowa, garin marigayi Shugaba Tandja Mamadou, akwai kwaruruka a tsakanin tuddan rairayi, cike da dabino da goruba, inda ake ɗibar kanwa. Rairayin kan hau kwalta lokaci-lokaci, kuma idan direba ya ce a sauko a tura, ka ƙidaya wannan cikin wasannin motsa jiki da ka zo nema.

Amma kogin, wanda shi ne maƙasudin zuwanka, wajibi ne ka fara aikawa a tambayo ko yana gida. Komadugu ba da ruwan saman Diffa yake rayuwa ba. Daga ƙasar Kano da tuddan Bauchi da Jos yake tasowa da sunan Haɗeja da Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam yana yada zango a kowace fadama, bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun riga sun karɓi zakkarsu, ta yadda ba ya cika ya batse a nan sai damina ta ɗauke, hunturu ya kawo kai. Don haka Bakanon da ya biya kuɗin mota ya zo kallonsa, ya sani ragowar ruwan garinsu ya biyo. Wanda ya zo da bazara zai tarar da farin yashi da 'yan kududdufai, ya taka da ƙafa daga Nijar zuwa Nijeriya bai jiƙa wando ba, alhali yana tambayar yara ina kogin yake. Wanda kuma ya zo a shekara irin ta 2019 ko 2022 ba sai ya wahala zuwa bakin kogi ba, kogin ne ke zuwa har cikin unguwa, mutanen da ya ci wa gidaje da gonaki kuwa ba su da bukatar mai yaba musu kyansa. Ka zaɓi tsakiyar hunturu, ka tafi da hantsi, ka kuma bar gada da masu kayan sarki ba ka ɗauke su hoto ba.

A lokacin ne za ka ga abin da babu irinsa a Baƙin Daji. Injin ban ruwa na tari a bakin gaɓa, ruwa na bin 'yan magudanai zuwa fangali-fangali, can gefe kuma an share fili an shanya tattasai, ja wur, har ido ya gaji. Mata na zaune suna tsince wanda ya yi baƙi ko ya ruɓe, wani ƙato ya shiga cikin buhu da ƙafa yana danna shi, wani riƙe da basilla yana jiran ya ɗinke baki. Kada ka tsaya ta inda iska ke kaɗawa. Idan ka tsaya, atishawa za ta kama ka, ta farko su ce maka sannu, ta biyar su dubi juna, ta goma kuwa duk fadamar ta san kai ba ɗan kasuwar tattasai ba ne, hujjarka ta rushe. In an faɗa maka farashi da naira kada ka gyara wa mutum lissafi da sefa, domin kasuwar wannan kaya a Nijeriya take, harshen ciniki kuma mai saye yake bi. Ka girgiza kai kurum ka ce, "Kai, bana ya yi tsada," jimlar da ba ta taɓa zama ƙarya a bakin mai saye ba. Ka tuna dai cewa an taɓa hana cinikin tattasan nan da na kifi, har da hawan babur, a 2015, kafin daga baya a sassauta, saboda haka jan da kake kallo don sha'awa, su abincin shekara suke gani.

Allunan Jamus suna auna tafiya da kilomita; a nan gaisuwa ce ma'auni. Barebari mutane ne masu tsohuwar sarauta da karatun Alƙur'ani, ba sa gaisuwar tsaye-tsaye, kuma kilomita guda mai ɗauke da dattawa uku a gindin bishiya ta fi kilomita biyar ta fili cin lokaci. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka amsa tambayar gajiya da ta gida da ta sanyi, in an ɗora shayi kuwa ka sallama wa yinin, don tashi bayan kofi na farko makaruhi ne mai kusa da haram. Idan ka ji Bafulatani da Babarbare suna jifan juna da maganganun da a wani gari sai an kai ga alƙali, kada ka shiga rabo. Wasan taubasai ne, mai rabon ne kaɗai ke fita da kunya.

Akwai waɗanda za su ce ba su koma ba sai sun ga Tafkin Chadi, don taswirar makaranta ta nuna musu Ngigmi a bakin ruwa. Taswirar ta yi gaskiya a zamaninta, lokacin da tafkin ke da faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Bayan farin 1973 da na 1984 ya ja da baya ƙwarai, yau kuma tsibiransa ba wurin baƙo ba ne ko kaɗan. Ka wadatu da ganin shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni idan Allah ya haɗa ku a kasuwa, farin rairayin Tal da ke kusa da Ngigmi kuwa kada ka nufe shi sai da izinin hukuma da ɗan jagora. Kufan Birnin Gazargamu, fadar sarakunan Barno da ta faɗi a 1808, yana tsallaken iyaka wajen Gaidam, shi ma ka bar shi ga littafi tukuna.

Saura tsaraba. Bajamushe kan koma gida da hoto da ciwon ƙafa, amma kai idan ka shiga gida ba ƙullin tattasai ba kwalin banda, uwargida ba za ta yarda Diffa ka je ba, kuma shari'ar da za ta biyo baya ba ta da ɗaukaka ƙara. Ka sayi bandar da ta bushe ƙayau, wadda in ka ƙwanƙwasa za ta amsa, ka sa a ɗaure kwalin da igiya biyu, ka ba yaron mota na goro ya ɗora shi can bisa, nesa da jarkar fetur. Kada ka yarda a cusa maka shi ƙarƙashin kujera, domin daga Diffa zuwa Damagaram yini guda ne, tagogin motar kuma ba duka ke buɗuwa ba.